Tsani a Jikin Tagar Baba

"Baba, don Allah ka bari mu sauko da kai ƙasa."

"Ni buhun siminti ne da za a kinkime ni?"

Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen tawul ina kallonsa. Tun da safe na'urar sanyaya ɗakinsa ta yi wani gurnani ta mutu, ga gari ya ɗau zafin da ko tsuntsu ba ka gani a sama. Ɗakin Baba a saman bene yake, tagarsa na kallon yamma, shi kuma tunda aka yi masa aiki a gwiwa bai ƙara taka matattakala ba. Ga hawan jini. Fanka tana juyawa, amma iskar tamkar an buɗe murfin tukunya.

"To ka ƙara kurɓar ruwa. Kaɗan-kaɗan."

Ya kurɓa yana hararata. Baba kenan, ko ciwo sai ya nemi izininsa kafin ya kama shi.

Gwaggo, yayar Baba, tana gefe tana fifita da gyalenta. "Ki daina ɗaga hankalin mutane, Auta. Ɗana yana hanya da mai gyara."

Tun hantsi ɗan nata yake hanya. Shi ne wanda ta daɗe tana yi wa kamun ƙafa a kaina, ita ce kuma ta kai wa Baba labarin wai Dogo mai fenti yana yawo yana cika bakin babu ɗakin da bai sani ba a gidanmu, har nawa. Ƙarya ce tsagwaronta. Dogo fentin gidan ya yi, ya gan ni, ya zo neman izini a mutunce. Amma ranar da ya zo ɗin, a gabansa, Baba ya rantse ƙafar Dogo ba za ta ƙara taka cikin gidan nan ba.

Na fita baranda na kira Dogo a waya.

"Gimbiyata... muryarki ba daidai take ba."

"Baba ne. Rana ta kusa juyowa kan tagarsa, labule ba ya tare komai. Ya ƙi sauka, ya ƙi asibiti." Kuka ya ƙwace min. "Ka zo ka ɗauke shi ko da ƙarfi ne."



"Ba zan shiga ba, hasken idona. Ya yi rantsuwa."

"Rantsuwa ta fi ransa?"

"Ba ta fi ba. Idan ya fara rikicewa ko gumi ya ɗauke masa, ki kira motar asibiti, ni kuma zan shigo ko zai tsine min. Kafin nan, bangon waje ai ba cikin gida ba ne. Ki zuro min tiyo ta kan katanga."

Ba a jima ba na ji ƙarar ƙarfe a jikin bango. Ta layin baya ya kafa dogon tsaninsa, ya haɗo tsofaffin barguna da yake shimfiɗawa idan zai yi fenti. Ya ɗaure su a saman tagar ta waje, ya bar 'yar tazara don iska, ya shiga fesa musu ruwa. Ɗakin ya yi duhu. A hankali iskar da ke shigowa ta sauya, ta zo da ɗanshi.

Ni kuma na cire wa Baba babbar riga, na sa masa tawul a wuya da hammata, na tsoma ƙafafunsa a baho. Can sai ga bokiti ya leƙo ta gefen bargo cike da ƙanƙara, hannu mai ɗigon farin fenti yana riƙe da shi.

Gwaggo ta gane hannun. Ta taɓe baki kawai, don ita ma sanyin yana ratsa ta.

Baba ya buɗe ido ya sauke dogon numfashi. "Hadari ne ya taso?"

"Ɗana ne ya turo ma'aikata," in ji Gwaggo da sauri. "Yaron akwai tunani."

Na ciji leɓena har sai da na ji zafi. Dogo ya riga ya roƙe ni kada in faɗa, wai kada ran Baba ya ɓaci jininsa ya hau.

Barguna suna bushewa yana ƙara jiƙa su. Haka ya tsaya a ƙarfen tsani, rana na dukan ƙeyarsa, daga azahar har bayan la'asar. Duk leƙawar da zan yi sai in raɗa masa, "Ka sauka ka huta, ka sha ruwa."

"Yanzun nan, Gimbiya. Ya jikin Baba?"

A leƙawa ta ƙarshe na ga rigarsa ta bushe ƙayau, leɓensa ya yi fari, yana kallona kamar bai san ni ba.

"Dogo, sauka. Yanzu!"

Da ƙyar ya sauka. Na kwasa da gudu, na same shi ya zagayo yana dafa bango, ya zube a kan dakalin ƙofarmu. Jikinsa zafi rau. Na kama hannunsa ina ja.

"Shigo falo, akwai sanyin tayil."

Ya girgiza kai, ya janye ƙafarsa daga bakin ƙofar. "Baba... ya yi magana."

Ina kuka ina kwara masa ruwa a kai, ina kiran asibiti da ɗaya hannun. Ashe ihun da na yi ya sa Baba ya ɗaga bargon, ya ga tsanin da ya sani sarai, tiyo na rataye a jikinsa.

Sai na ji ƙwas... ƙwas... a bayana.

Sandar Baba ce. Mutumin da ya ƙi a sauko da shi, ga shi yana saukowa da ƙafarsa, yana cije baki a kowane taki, Gwaggo na biye tana salati.

Ya tsaya a kanmu yana haki.

"Tun yaushe yake can sama?"

"Tun azahar, Baba."

Ya juya ya dubi Gwaggo. "Yaya, wannan ne ma'aikatan ɗan naki?"

Ta shiga gyara gyale, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ku shigo da shi," in ji Baba.

Dogo ya ɗago da ƙyar. "Baba, rantsuwarka..."

"Tawa ce ko taka? Ni na yi abata, ni zan yi kaffara." Ya jingine sandar, ya sunkuya a kan gwiwar nan mai ciwo, ya kama hannu mai fentin. "Tashi, ɗana. Auta, kama ɗaya gefen."

A tsakiyar falonmu aka kwantar da shi. Baba da kansa ya riƙa matsa masa tawul a goshi yana faɗa, wai wane irin taurin kai ne mutum zai tsaya a rana babu ko hula. Ni dai na dube su biyun, na rasa wanda ya fi wani.

Ma'aikatan asibiti suka zo suka sa masa ƙarin ruwa, suka duba Baba, suka ce duka biyun sun auna arziki. Suna fita sai ga ɗan Gwaggo ya faka mota, gilashi a rufe, babu mai gyara babu dalilinsa. Ko kallo bai samu ba.

Da Dogo ya dawo hayyacinsa ya yunƙura zai tashi, kunya ta rufe shi.

"Bari in je in ɗauke tsanin, Baba."

"Bar shi nan sai an gyara na'urar." Baba ya gyara zama, ya dawo da fuskar nan tasa ta shan kunu. "Kuma ka gaya wa manyanka ina jiransu. Su kam ta ƙofa za su shigo."

Na rufe fuska da mayafi na gudu kicin, ina dariya hawaye na zuba.

An ɗaura mana aure bayan zafin ya wuce. Ƙawayena suna tsokanata wai na auri mai fenti, ni kuwa har ƙara ɗaga kai nake idan sun faɗa. Har yau akwai tabon tsatsa guda biyu a bangon yamma, inda kan tsanin ya jingina. Sau biyu Dogo yana zuwa da fenti zai shafe, Baba yana korarsa.