Fitilu Sha Biyu Kan Waya Ɗaya

Bayan magariba Othniel yana ɗaura ƙananan fitilun Kirsimeti a barandar cocinsu a Samaru. Da hannunsa ya jera su kan waya ɗaya, wutarsu daidai wa daida. In ɗaya ta mutu, duk sun mutu.

Wata tsohuwa ta hawo barandar tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ɗana, haskenka ya hana mu barci."

"Mama, ina ne gidanku?"

"Nan bayan coci."

Bayan coci babu komai sai maƙabarta. Ta tako, fitilar farko ta mutu ita kaɗai. Ta sake takowa, ta biyu ta mutu. Othniel ya fizge wayar daga batir. Sauran goman ba su mutu ba, suna jiran ta iso.