Fim Mai Farin Baya

Ranar da Auta ta fara shiga shagon wankin hoto, ƙafafunta a kumbure suke saboda tsayuwar aikinta a asibiti. Ba ta tarar da kowa ba sai warin sinadari da ƙugin fanka. Sau uku ta buga kanta kafin wani baƙin labule ya motsa, wani dogon saurayi ya fito yana ƙifta ido. Ɗan Duhu 'yan layin suke ce masa, don rana ba ta cika ganinsa ba.

"Sannu da aiki. An ce kai kaɗai ka rage mai yin silaid."

"Ni ɗin ma saura ƙiris," in ji shi. "Zauna mana, kin fi ni gajiya."

Ta zauna, ta fito da fim uku daga jaka, ta faɗa masa buƙatarta. Babanta tsohon mai ɗaukar hoto ne, idonsa yana mutuwa a hankali. Ba ya ganin hoton takarda, amma in an rufe taga aka haska masa hoto da tsohon majiginsa har ya cika bango, yana gani. Jikokinsa take so ta ɗauka ya gani.

Ɗan Duhu ya yanki bakin kowane fim, ya tsoma a wani ruwa, ya ɗaga su wajen taga.

"Fim ɗin da aka saba, in an wanke shi fari ya koma baƙi, sai an buga a takarda. Silaid kuwa sau biyu ake wankewa, hoton ya juyo daidai a jikin fim ɗin, hasken majigi ya bi ta cikinsa. To dubi waɗannan biyun, bayansu toka-toka ne, hayaƙi kawai Baba zai gani. Wannan mai fari tas kamar gilashi, shi ne namu."

"Namu?" Ta ɗaga gira.

Ya sosa ƙeya, ya ce bakinsa ne ya riga shi.

Jikoki sun fito raɗau a bango, Baba ya yi kuka ya yi dariya. Ita kuwa Auta, hanyarta ta komawa gida daga asibiti sai ta ƙara tsawo, ta koma bi ta gaban shagon. Soyayyarsu ba ta masu hutu ba ce. Ita ta zo tana hamma, shi ya fito da yatsu duk tabon sinadari, su zauna a benci ɗaya, kowa ya ji sauƙi. Ya raɗa mata Sarauniyar Gaggawa, don kullum idonta na kan agogo.

Da maganar aure ta taso, Mama ce ta fara tsalle.

"Mutumin da yake wuni a ɗakin duhu kamar jemage? Ga Mai Studiyo nan, ɗan aminin babanki, har da mota."

Mai Studiyo bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya zo da sabon majigi na kwamfuta, ya haska wa Baba hoton kansa. Baba ya daɗe yana kallon bangon.

"Yaro, wannan fuska ce ko bokitin roba? Ina gumi? Ina ƙuraje? Kwashe kayanka, an gyara ka da yawa."

Amma shi ma Ɗan Duhu bai tsira ba. Ya zo gaisuwa ya durƙusa, Baba ya juyo wajen muryar, inuwa kawai yake gani.

"Ban ƙi ka ba, ban kuma karɓe ka ba. Ba na ba da 'yata ga fuskar da ban gani ba. Ka zo min a silaid. Fim ɗin da ya kalle ka a cikin kyamara, shi ne zai hau bangona, ba wanda zai sa masa hannu."

Abin kamar mai sauƙi, sai dai fim mai farin bayan nan shi ne na ƙarshe a durowar Baba, kuma hotunan jikoki sun cinye shi. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Auta a keɓe cewa 'yan watanni suka rage wa idon.

"Ka yi da wanda ke shagon mana," ta ce. "Fim ai fim ne."

Ya san ba haka ba ne. Amma ya ga hawaye a idonta, bakinsa ya kasa furta a'a. Ya ɗauko wani mai saurin kama haske, mai tokar baya, ya ce wataƙila a dace. Wataƙila kuwa ba ta taɓa wanke hoto ba.

Ranar da aka haska, Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa bango.

"Wa ya kunna shara a ɗakina? Mai sana'ar da ya kasa zaɓen fim, shi zai riƙe min 'ya? Kashe."

Mama ta yi tsaki ta fita. Auta ta kashe majigin.

Daga nan Ɗan Duhu ya ɓace mata. In ta biyo, shago a rufe, ko kuma labule a sake ba amsa. Sati uku ana haka, ranta ya gama ɓaci, ta tura masa saƙo:

"In ka fasa ka faɗa min. Na gaji da asibiti, na gaji da gorin Mama, kada ka ƙara min da gajiyar jiranka. Yau Baba bai gane ƙofar ɗakinsa ba."

Sai da yamma amsa ta shigo:

"Sarauniyata, ban fasa ba, kunyarki nake ji. Na san fim ɗin nan ba zai yi ba, na yi shiru don kada ki yi kuka. Na zaga shago goma sha ɗaya ina roƙon bakin fim don in gwada. Bakwai tokar baya, biyu sun yi ruwan hoda, ɗaya fatarsa ta saɓule a wanki na biyu. Ɗazu na samu ɗaya fari tas, mai kaurin azurfar da ke kama hoto. Amma ragon fim ne, sai da rana mai ƙarfi, kuma sai na zauna ban motsa ba. Ki zo gobe da hantsi, ke za ki ɗauka."

Ta karanta sau uku a bakin famfon asibiti, ta wanke fuska, ta rubuta:

"Ɗan Duhuna, kai wawa ne. Ina zuwa."

Da hantsi ta same shi a shagon. Ya rame, gemu ya tsiro, ƙasan idonsa ya yi baƙi.

"Bari in je aski tukuna," ya ce.

"Minti arba'in aka ba ni a wurin aiki. Zauna."

Ya zauna a bencinsu, a bayan shago inda rana ta fi faɗowa. Ya auna mata hasken sau biyu, domin silaid ba ya yafe kuskure, abin da aka ɗauka shi ke nan. Ta ɗaga kyamara, ya ce ta riƙe numfashi. Ta riƙe, ta danna.

Kwana biyu bayan haka aka rufe tagar ɗakin Baba da bargo. Majigi ya yi tari ya kama. Auta ta zura silaid ɗin, ita kanta ba ta iya kallo ba. Ɗan Duhu yana durƙushe a bakin ƙofa.

Baba ya tashi da kansa, ya lalubi bango, ya ja baya taku biyu, ya karkata kai yana neman gefen idon da ya rage masa. Mama ta leƙo.

"Af," in ji Baba a hankali. "Ga ka nan."

Ya bi hoton da yatsa, daga goshi zuwa ƙasan ido.

"Kwana nawa ka yi ba barci, yaro?"

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Ba ka da kyau yadda Auta ke faɗa. Amma baƙin ya yi baƙi, farin ya yi fari, ba abin da ka ɓoye min. Kuma ba kyamara kake kallo ba, mai riƙe da ita kake kallo. Shekara arba'in ina ɗaukar mutane, na san bambancin." Ya juya wajen ƙofa. "Turo manyanka."

Mama ta daɗe tana duban bangon, sannan ta ce, "A dai ba shi abinci kafin ya tafi, ya zama kamar tsinke."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Kafin ranar, idon Baba ya rufe gaba ɗaya, ko hasken majigi ba ya rabewa da duhu. Da aka kawo ango gabansa, wata gwaggo ta share hawaye ta ce, "Kaico, Yaya, da ma ka ga surukin nan naka."

Baba ya miƙa hannu ya kamo kan Ɗan Duhu, ya laluba ya kamo na Auta, ya haɗa su a kan gwiwarsa.

"Na gan shi, na ma fi ku ganinsa. Ku da kuke da ido kun ga ango ne da sabon aski. Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke Auta, ki kai shi gida ya yi barci."