Sunan Ɗan Fari a Bayan Rumbu

Ramla tana zaune a gindin turmi tana tsince gero, hannu na aiki, hankali ba ya wurin. Tun da ɗanta na fari ya rasu, 'yan makonni bayan suna, ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba. Matan unguwarsu a Tanout har yabon ta suke yi, wai ga yarinya mai kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ba su san ko gishirin miya ta daina ji ba.

Mijinta Haris, malamin lekol, wato makarantar boko, a Belbeji, shi ya gane wannan ba haƙuri ba ne. Ya zo hutu ya tarar da ita kamar an zare mata laka. Sai ya sa mata wata manhaja a waya, inda ake zantawa da masanan damuwar zuciya, ya zaɓo mata mai jin Hausa, Madam Hadijatu. Tun farko matar ta gaya mata gaskiya: hanyar ta dace da wanda likita ya yi wa nisa, yake neman mai sauraron sa, amma in abin ya kai ga tunanin cutar da kai, asibiti za a nufa, ba waya ba.

Matsalar ita ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a bayan rumbu. Can Ramla take raɓewa bayan la'asar tana ƙus-ƙus. Surukarta Inna Jummai kuwa ba a yi mata wayo a gidanta. Matar aure, miji ba ya gari, tana laɓewa da waya? Ko dai namiji ne, ko asirin gida ake kwashewa ana kai wa bare. Da Haris ya dawo Inna ta tsare shi: ko ya raba Ramla da wayar, ko ya ba ta takardarta. Ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe, Inna ta ce ita ba ta san ciwon da surutu ke warkarwa ba. Ramla tana ɗaki tana jin komai, ko gezau. A sake ta ko a bar ta duk ɗaya ne a wurinta, kuma wannan ne ya fi tsorata Haris.

Washegari Inna ta lallaɓa bayan rumbu don ta kama ta dumu-dumu. Sai ta ji muryar mace daga wayar.

"Ramla, daga nan ba zan iya riƙe miki hannu ba. Amma gwada faɗa mini sunansa, ko sau ɗaya."

"Madam, ba a faɗa," in ji Ramla. "Ɗan fari ne."

Inna ta yi turus. Ta matso ta zauna a ƙasa kusa da surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Nawa Sule ne sunansa," ta ce a hankali. "Yayan Haris. Aka ce mini ruwa ne ya zube, tulu yana nan. Na yi shiru, aka yaba mini. Yau bakina ya fara kama sunan."

"Inna..."

"Faɗi naki, 'yata. Ba mai jin mu sai Allah da wannan baiwar tasa."

Can Ramla ta ce, "Zakari."

Sai kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ɓalle. Ta kifa kai a cinyar Inna, tsohuwar na shafa mata baya, nata hawayen na zuba. Haka Haris ya same su, ya koma da baya ya bar su. Maganar takarda ba a sake tayar da ita ba.

Haƙuri ba shi ne haɗiye ciwo ba, kuma waya tana iya buɗe bakin mai damuwa, amma rarrashi sai na kusa. Ramla ba ta daina magana da Madam Hadijatu ba. Sai dai yanzu, kullum bayan la'asar, Inna da kanta take share bayan rumbu, ta shimfiɗa tabarmar da za ta ishi mutum biyu.