Ni ko Furen?

A bakin shingen tumaki Emyr ya fara ganin Tegwen, ruwan sama na tsiyaya daga hularsa.

"Sannu da aiki. Asalin sunan wani fure nake bincike, brwynddail y mynydd. An ce gidanku kun san shi."

Ta ƙare masa kallo. Abin haushi, ga shi kyakkyawa.

"Ganyensa sirara ne kamar ciyawar fadama, a dutse kuma yake fitowa. Ma'anar sunan ke nan. Sauka lafiya."

Amma bawan Allah bai daina zuwa ba, ita ma ta fara leƙen hanya.

Mahaifinta Idwal bai yarda da shi ba ko kaɗan.

"Tun zamanin kakana masu wannan tambaya ke zuwa, su tumɓuke furen har saiwa. Shi ya sa muke ɓoye inda yake. Ba ke yake so ba, hanya yake nema."

Maganar ta tsaya mata a rai, don ta riga ta kamu da son Emyr. Da yamma saƙonsa ya shigo: "'Yar dutse, yau ko shayi na kasa sha. Ke nake tunani."

Ta mayar: "Ni ko furen? Zo gobe in kai ka."

Washegari da gangan ta ɗauki hanyar da babu komai sai duwatsu, tana satar kallon jakarsa, ko da wuƙar tono a ciki.

Can ya tsaya yana murmushi.

"Masoyiya, kin ɓatar da mu. Ba nan ba ne."

Ya ja hannunta zuwa wata tsagar dutse. Ga ɗan farin furen nan, lafiya lau.

"Tun bara na gan shi, kafin in san ki. Ban gaya wa kowa ba."

Kunya ta rufe ta, hawaye ya cika idonta.

"To me yake kawo ka gidanmu?"

"Ranar farko, suna. Sauran ranakun, ke."

Idwal dai sai da ya hau dutsen ya gani da idonsa kafin ya amince.

Ranar aure, a ƙofar majami'a, tsohon ya riƙe hannun Emyr.

"Ashe dai ɓarawon ne. Ina can ina gadin fure, ka ɗauke mini 'ya. Allah ya yi muku albarka, ɗana."