Ɓatan Injin Tansiyo a Tudun Aduwa

Ƙarfe tara na safiyar Laraba talho ya yi ƙara a kwamisariyar Buza, ofishin 'yan sanda. Sufeto Attahiru ya ɗauka tun bai gama ƙarar farko ba, don wata guda ke nan duk wayar da ta shigo sai gabansa ya faɗi. 'Yarsa ta fari, Fatiha, tana aure a ƙauyen Tudun Aduwa da cikin fari wata takwas, surukai kuma sun ce ba za a kawo ta goyon ciki ba sai an gama noman maimai.

"Majar Dinatu ce, shugabar likitar Tudun Aduwa," in ji muryar. "An yi muna sata."

"Me aka ɗauka?"

"Injin awon tansiyo, wato hawan jini, shi kaɗai gare mu. Ga shi ɗiyarka ta zo ɗazu, ƙafafu sun kumbura, kai na ciwo tun jiya. Na mayar da ita gida ta kwanta. Sai na auna zan san ko jininta ya hau. Ba a ba mai ciki magani da ka."

Sufeto ya fizgi hula. Birgadiye Lurwanu, abokin aikinsa na shekara tara, ya ɗago kai daga kofin shayi.

"Shef, ƙauye ai na jandarmomi ne."

"Jandarmomi na da ɗiya mai ciki a can? Tada moto, ka yi mini shiru."

Tsakanin Buza da Tudun Aduwa akwai kori, irin wanda yake bushe da safe ya cika da hantsi in an yi ruwa a kan duwatsu. Suka tura moto, babur ɗinsu na aiki, suka ƙetare, ruwa iya gwiwa. Ba su gama matse wanduna ba sai ga jan ruwa ya gangaro a bayansu, ɗauke da kututture da kwandon wani. Hanya ta rufe.

Lurwanu ya tsaya yana kallon ruwan.

"Shef, da mun biya farmasi mun aro wani injin."

Sufeto ya daɗe yana dubansa. "Sai yanzu?"

"Kai ka ce in yi shiru."

Likitar, wato asibitin ƙauyen, ɗaki uku ce da rumfa. Majar Dinatu, doguwar mace mai tabarau, ta nuna musu tebur. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kabad ɗin magani ba, har salularta da ta bari kusa da injin tana nan.

"Yaushe ya ɓace?"

"Jiya Talata, ranar awon dattawa. Su goma sha ɗaya ne masu hawan jini a garin nan. Ina cikin auna su aka kawo wani da hauya ta sare, na shiga ɗinki. Ina fitowa, babu inji, babu dattawa."

Sufeto ya juya ga mai gadi, wani tsoho mai suna Yosefu.

"Baba, ka ga wani ya fita da kaya?"

"Ranka shi daɗe, duk da babbar riga suka zo. Cikin babbar riga, akuya ma tana fita ban gani ba."

Lurwanu ya duƙa ƙarƙashin tebur ya fito da wani ɗan ƙulli na takardar siminti. Ya kwance, ya lasa.

"Gishiri ne, Shef. Takardar kuma ƙamshin tsire take."

Majar ta tafa hannu. "Na sani! Na hana su gishiri da magi, na kira matansu na yi musu bayani, yanzu miyarsu daban ake yi. Ashe a aljihu suke yawo da shi."

"Gishirin ne abin faɗa?"

"Ka san tiyon ban ruwan albasa? In aka ƙara wa famfo wuta, tiyo yana tauri, wata rana ya fashe a inda ya fi rauni. To, gishiri riƙe ruwa yake a jini, zuciya ta dinga turawa da ƙarfi. Mutum yana cinsa yana dariyarsa, ba ya jin komai, sai ranar da tiyon ya fashe a ka."

"Na yarinyar fa?" Sufeto ya tambaya. Ba ya kama sunan 'yar fari a gaban mutane.

"Na masu ciki daban ne, daga mabiyiya yake tasowa. In an gano da wuri akwai magani. In aka bari, jijjiga ce."

Sufeto ya karɓi ƙullin daga hannun Lurwanu. Ya cusa takardar a aljihu ya nufi bakin kasuwa da sauri, har Lurwanu na haɗawa da gudu.

Mahauci ɗaya ne a garin, Maiguwa, gajere mai tumbi. Yana ganin kaki ya fara fifita wutar da take ci da kanta.

"Ina kake jiya da hantsi?" in ji Sufeto.

"Allakaye, ranka shi daɗe, sayen akuya. Rabona da likita tun da Majar ta kashe mini kasuwa."

"Wa ya ce maka zancen likita muka zo?"

Maiguwa ya daina fifita. Sufeto ya aje takardar simintin a kan tebur, daidai gefen wani buhun siminti da aka yage ta a jikinsa. Lurwanu kuwa ya ɗaga wani faranti, sai ga ƙulle-ƙullen gishiri sun fi talatin, a jere kamar layu.

"Wannan fa?"

"Taimako ne, ranka shi daɗe. Ka taɓa cin tuwo da miyar kuka ba gishiri? Dattawan nan sun zo mini kamar marayu. Liman da kansa ya ce miyar gidansa ta koma ruwan alwala."

"Su wa ke karɓa?"

"Duk goma sha ɗayan. To, ban je Allakaye ba, ina nan. Amma ni me zan yi da inji? Ko tsire ba ya gasawa."

"Cikinsu wa ya sake hali tun jiya?"

Maiguwa ya sosa ƙeya, ya dubi hagu da dama.

"Akwai wanda ya zo ya ce in gasa mishi tsire in ninka gishiri. Ya ci ya tafi. Da la'asar ya dawo ya ce a gasa wani, kar a sa ko ƙwaya. Na ce lafiya? Ya ce bincike shikai."

"Wane ne?"

"Ka yi mini aikin gafara, ranka shi daɗe. Surukinka ne, Alhaji Harisu."

Sufeto ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Alhaji Harisu shi ne uban mijin Fatiha, babban manomin albasa, mutumin da shekara guda ke nan ba su haɗa ido sosai ba don kunya. Ya yi shekara ashirin yana titsiye ɓarayin shanu, amma bai taɓa tunanin yadda ake tambayar suruki ina yake ranar Talata ba.

A zauren Alhaji aka shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi gajiya, aka sake komawa kan gida. Sufeto yana amsawa, kunnensa na cikin gida inda 'yarsa take kwance. Da Alhaji ya tashi miƙo ruwa, sai aka ga yana ɗingishi.

"Alhaji, ƙafa ce?"

"Santsi ne ya kwashe ni bakin rijiya."

"Allah shi sawwaƙe," in ji Lurwanu. "Santsin nan kuwa yana da kofato. Ga shaidarsa a bayan riga."

Sufeto ya harare shi, sannan ya dubi bayan rigar. Sawun kofato ne, ɓaro-ɓaro.

"Alhaji, an ce jiya ka je likita," in ji Sufeto.

"Na je, na dawo. Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Allah shi tona asirin wanda ya ɗauka."

"Amin!" in ji wata murya daga bayan asabari. Goggo ce, uwargidan Alhaji, ta leƙo da ludayi a hannu. "Sufeto, tunda ka zo, ka bincika mini nawa. An zare pil huɗu, wato batir, daga rediyona. Ga jakin gidan nan, mai haƙuri kamar waliyyi, tun jiya in ya hango Alhaji sai ya juya mishi baya. Ga Alhaji da zarya rudu, rumbun albasa, wai albasa shike juyawa. Sau bakwai a yini? Waina ce?"

"Ke, koma cikin gida!"

"Na koma. Miyarka na kan wuta, marar gishirin."

Rudun yana bayan gida, rumbun kara mai hular ciyawa inda ake ajiye albasa har ta yi tsada. Sufeto ya tsaya nesa kaɗan yana duban sama, kamar hadari yake nazari. Lurwanu ya tura kai ciki, ya yi atishawa uku, ya fito da inji a hannu ɗaya, da wani allon katako a ɗayan.

An yi zane da gawayi a allon. Ga hoton jaki an soke shi. Ga taɓarya an soke ta. Ga wani siririn mutum da lamba goma sha biyu. Ga kuma mai babbar riga, lambobi sun jeru a gabansa: sha takwas, sha takwas, sha tara, sha bakwai.

Alhaji ya zauna a kan turmi, ya cire hula.

"Sufeto, ni na ɗauka. Amma ba sata ba ce, kama shi na yi. Kafin a kawo abin nan, ba mai hawan jini a Tudun Aduwa ko ɗaya. Mutum in zai faɗi, faɗuwarshi yake a gona, a ce kwana ya ƙare. Sai aka kawo shi, cikin wata guda mu goma sha ɗaya mun kamu. Na ce ai ga dalili a fili. Shi ne ke matse hannu kamar mesa, jini ya rasa wurin zuwa ya gudu sama. Sai na yi niyyar in kama shi da ƙarya, in kai shaida fada."

"Ka kama shi?"

"Na ɗaura wa taɓarya, na ce in ya ce tana da hawan jini, shi ke nan. Ya yi ta hura, ya ƙi faɗin komai. Na ɗaura wa jaki, ka ga yadda muka ƙare. Na ɗaura wa Hafizu, mijin ɗiyarka, na rantsar da shi kar ya faɗa. Matsar iri ɗaya ce, amma ya ce sha biyu. Ni kuwa ko a zaune, ko a kwance, ko ina tasbihi, sha takwas. Na ci tsiren Maiguwa mai gishiri, sha tara. Na ci marar gishiri, na kwana da ruwa da fura, yau da safe sha bakwai." Ya girgiza kai. "Ɗan banzan gaskiya yake faɗi. Kunyar maida shi ce ta hana ni. Na ce in bari sai an kwana biyu in jefa ta taga."

"Alhaji," Sufeto ya ce, "tun safe Majar ke neman abin nan don ta auna yarinyar da ke ɗakinka."

Alhaji ya ɗago kai. "Mata ma? Ba na tsofaffi ba ne?"

Lurwanu ya hau moto ya ɗauko Majar. Ta goge ɓawon albasa daga injin, ta shiga ɗakin Fatiha. Surukan biyu suka tsaya a tsakar gida, kowa na kallon bangonsa, suna jin ƙarar injin yana hura iska. Sufeto ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Majar ta fito. "Sha shida da sha ɗaya. Ya hau ƙwarai, amma mun riga shi. Na yi mata allura, na ba ta ƙwaya, jaririn yana motsi lafiya. Sai dai yau ba ta kwana garin nan. Na kira anbilans, zai jira mu a wancan gefen kori."

Alhaji ya zabura. Ya ɗingisa ya kwance shanun nomansa biyu, Hafizu ya ɗaura amalanke, Goggo ta shimfiɗa katifa da zannuwa. Da aka fito da Fatiha, ta dubi ubanta ta yi murmushi.

"Baba, kai ma a auna ka. Fuskarka ta fi tawa kumburi."

"Ke dai kwanta," in ji Sufeto, yana gyara mata matashin da Goggo ta riga ta gyara.

Saura abu ɗaya, kuma kowa ya san shi. Sufeto ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya zunguri Lurwanu.

"Faɗa masa."

Lurwanu ya ƙame, ya sara. "Alhaji, Shef ya ce a gaya maka, da girmamawa, in ba damuwa, an kama ka."

"Na yarda," in ji Alhaji, ya miƙa hannu biyu. Ba wanda ya yi ƙarfin halin ciro ankwa, sai Lurwanu ya kama gefen babbar rigarsa da yatsa biyu.

Da suka iso kori da la'asar, ruwan ya ja, amma yana gudu jajawur, ba a ganin ƙasa. Shanu suka toge. Sufeto ya fara cire takalmi, sai Alhaji ya tare shi da sanda.

"Kai ɗan birni ne, ba ka san ramukan korin nan ba. Shekara hamsin ina ƙetare shi da albasa. Hafizu, duk inda na taka, nan za ka bi da shanu."

"Alhaji, kai fa fursuna ne," in ji Lurwanu.

"To ka riƙe ni da kyau, ɗan sanda."

Ya naɗe wando, ya yi bisimilla, ya shiga ruwan yana dogara sanda. Lurwanu na biye, ruwa har ƙugu, bai saki gefen riga ba. Amalanke ya biyo sawunsu a hankali, Majar ta rungume injin a ƙirji, Sufeto kuma yana gefe, hannunsa ɗaya a kan katifar 'yarsa, har shanun suka taka busasshiyar ƙasa.