Baƙuwa a Tsakar Gidan Furanni

Ranar wata Asabar ce a watan Mayu, tun da hantsi rana ta buɗe a birnin Kordoba na kudancin Sifen kamar an ɗage murfin tanda. Eloy yana tsaye a tashar jirgin ƙasa, riga ta manne masa a baya, wayarsa na ta ruri a aljihu ya ƙi dubawa. Ya san yayarsa Araceli ce.

"Eloy!"

Budurwarsa Nieves ce ta taho da gudu, jakarta na dukan kwankwasonta. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana dariya.

"Ka rame, zuciyata. Ba a ba ka abinci ne a gidan naku?"

"Tunaninki ne ya cinye ni."

"Maƙaryaci! To yaushe za mu je wajen Mama?"

"Anjima... Bari ki fara ganin gari."

Tun bara suke soyayya, lokacin da ya je garinsu Zamora, can arewacin ƙasar, aikin tsinkar inabi. Kawunta ya yi masa alkawarin aiki a garejinsa da ke can. Da mahaifiyarsa Fuensanta ta ji wannan magana ta daina kiran sunan Nieves, sai dai ta ce "yarinyar arewan nan mai son kwashe min ɗa". Shi ya sa bai gaya mata Nieves na zuwa ba.

Ga shi kuma makon gasar furanni ne, lokacin da gidajen tsohuwar unguwa ke buɗe ƙofa jama'a su shiga kallon tsakar gida, alƙalai su zagaya su ba da maki. Tun rasuwar mahaifinsa, ban ruwa ya koma kan Eloy. Tukwanen furannin gidansu suna rataye a bango har kusa da rufi, sai da gwangwani ɗaure a bakin dogon gora ake kai musu ruwa ɗaya bayan ɗaya. Yau da asuba ya yi rabi, ya ce zai je sayo taki, ya sulale.

Kuma bai ga laifinsa ba! Araceli da ta yi jami'a sai dai ta zauna bakin ƙofa da mafici a hannu tana wa baƙi murmushi. Shi da ya bar makaranta shi ne jakin ban ruwa. Yini ɗaya tak ya nema a shekara!

Ya kai Nieves Mezquita, tsohon babban masallacin birnin, ta tsaya tsakanin ginshiƙansa ta ɗaga kai tana kallo. Suka fito suka zauna a inuwar bishiyoyin lemo, ta ɗora kanta a kafaɗarsa.

"Mama na son turare? Na sayo mata."

"Tana so."

"Mu je mana yanzu."

"Yanzu gidan cike yake. Zo ki ga gada."

Suka haye tsohuwar gada suka dawo. Suka shiga lunguna suka fita. Da yunwa ta taso ya kai ta wani ƙaramin gidan abinci, aka kawo musu salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da kauri an barbaɗa dafaffen ƙwai, da soyayyen yalo an zuba masa zuma, da farfesun wutsiyar sa. Nieves ta dangwala burodi tana lumshe ido. Wayar ta sake ruri a kan tebur. Kafin ya kai hannu ta karanta sunan.

"Ɗauka mana."

Ya ɗauka. Muryar Araceli ta fito kamar an saka lasifika.

"Kai malalaci, takin daga Faransa za ka sayo? Furannin sama duk sun langaɓe, alƙalai yau za su zo! Mama tun ɗazu take leƙen titi!"

Ya kashe. Nieves ta ajiye burodin a hankali.

"Taki?"

"Nieves, tsaya in miki bayani..."

"Ni ce takin? Ba ta ma san na zo ba!"

"Ba ki san halinta ba ne. Sai an bi ta a sannu."

"Tun bara kake bin ta a sannu! Tun safe kake yawo da ni kamar ɗan jagoran 'yan yawon buɗe ido, ashe ɓoye ni kake! Ƙofar gidanku a buɗe take ga Jamusawa da Japanawa, ni kaɗai aka rufe wa?"

"Rage murya, ana kallonmu."

"A kalla! Zan bi layi kamar kowa in shiga. In ka ga dama ka biyo ni."

Haka kuwa ta yi. Da aka sake buɗe gidajen da la'asar, ta tambayi hanyar unguwarsu Eloy, San Basilio, ta shiga layi, shi yana bayanta yana magiya ƙasa ƙasa. Araceli ta hango shi ta ware ido, ta buɗe baki, sai jama'a suka turo su ciki.

Tsakar gidan ya yi kyau, ko shi ya san da haka. Farin bango, shuɗɗan tukwane, jan fure na zubowa ta ko'ina. Amma layin sama ya sunkuyar da kai. Fuensanta na zaune a kujerarta kusa da rijiya, sanye da baƙaƙen kaya, tana amsa tambayar wata tsohuwa.

Nieves ta tsaya da turaren a hannu. Ta dubi uwar, ta dubi furannin da suka langaɓe, ta ga goran jingine da bango. Eloy ya ga abin da ke ranta, so take ta shiga gidan da hannun taimako. Kafin ya ce uffan ta ɗebo ruwa a bokiti ta cika gwangwanin ta ɗaga goran.

"Nieves, kar..."

Ba a ban ruwa rana na dukan bango, duk ɗan unguwar ya san haka. Kuma goran na da nauyin da sai wanda ya saba. Ruwa ya kwararo da ƙasa ya zana jan layi a farin bangon. Goran ya karkace ya doki tukunyar da ke can ƙurya. Ta faɗo ta tarwatse a tsakiyar mutane.

Furen mahaifinsa ne. Shi ya dasa da hannunsa shekarar da ya rasu.

Fuensanta ta miƙe.

"Wayyo Allah! Wace ce wannan? Wa ya ba ki izinin taɓa min kaya?"

"Ki yi haƙuri, Mama, na ga sun..."

"Wace ce mamarki? Eloy! Kana tsaye kana kallo? Ka san ta ne?"

A bakin ƙofa mutum uku riƙe da alamar alƙalai sun tsaya cak. Nieves ta juyo ta dube shi, hannunta duk laka, idonta ya ciko.

Ya dubi mahaifiyarsa da ta durƙusa tana tattara saiwar furen.

"Baƙuwa ce, Mama," ya ce.

Nieves ba ta yi kuka a nan ba. Ta ajiye turaren a bakin rijiya ta fita.

Sai a ƙofar ganuwar gari ya cim mata.

"Rabin raina, tsaya! Kin ga halin da take ciki, ta yaya zan faɗa a lokacin?"

"Da ka ce 'tawa ce', da na durƙusa na kwashe ƙasar nan da bakina."

"Gobe zan faɗa mata, na rantse!"

"Goben nan taka na gaji da ita. Sakar min hannu, Malam. Baƙuwa za ta koma garinsu."

Ta tsayar da tasi ta shige. Ya bi motar da gudu har kwana, sannan ya tsaya yana haki.

Ya koma gida ransa na tafasa. Ya tsaya kan mahaifiyarsa a gaban sauran baƙin.

"Nieves ce! Ita ce wadda zan aura! Kin ji daɗi yanzu?"

Fuensanta ta ɗago, ƙasa a tafin hannunta.

"Ita ce? To me ya hana ka faɗa, ɗan nan? Ni na tambaye ka fa."

Araceli ta miƙa masa tsintsiya.

Abin da aka rasa a ranar ba shi da wuyar lissafi. Tukunya ɗaya da furen cikinta, wanda bai sake tohowa ba. Furanni tara na layin sama da rana ta ƙone. Kyautar gasar, wadda ta tafi gidan maƙwabta. Sai Nieves, wadda ba ta ƙara ɗaukar wayarsa ba.