Motar Marigayi

Bayan magariba na shiga garejin ina masifa. Shekara da shekaru motar marigayi tana rufe, sai yau ɗansa ya ce dole ta tashi. Na sa sabon batir, na wanke fulogi, na canja mai, ko tari ba ta yi ba.

Ashe wani tsoho na kujerar direba yana hararata.

"Uban wa ya ce ka taɓa ta?"

Na ɗauka maigadi ne. "Baba, ba surutu ya kawo ni ba. Murɗa makulli in gwada wuta."

Injin ya tashi lafiya lau, salansar motar na fitar da hayaƙi mai ƙamshin kafur irin na likkafani.

"Ka gani? Rufe min bonet ka fita."

Na dubi hannuna. Babbar wayar wutar da na cire tana nan, ban mayar ba.